Nijar: Kiɗan Fiyano Ya Koma Cikin Kwamfuta, Amma Asalin Faifan Yana Hannun Wa?

A ranar 15 ga Oktoban 2024 ne hukumomin mulkin soja na Jamhuriyar Nijar suka sauya sunayen wasu tituna da wurare a birnin Yamai, inda titin Janar de Gaulle ya koma titin Jibo Bakari, ita kuwa cibiyar al'adu ta haɗin gwiwar Nijar da Faransa, wadda ta daɗe tana ɗauke da sunan Jean Rouch, aka raɗa mata sunan Moustapha Alassane, ɗaya daga cikin waɗanda suka fara shirya fim a ƙasar. Watanni biyar bayan haka, wato a Maris na 2025, ƙasar ta sanar da ficewa daga ƙungiyar ƙasashe masu amfani da harshen Faransanci, sannan sabon kundin da Janar Tchiani ya sanya wa hannu ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. An ɗauki waɗannan matakai ne duka da sunan ƙwato 'yanci, wato abin ƙasa ya dawo hannun 'yan ƙasa, tun daga ma'adinin yuraniyom na Arlit har zuwa allon da ke bakin titi.

To amma akwai wata dukiya da ba a cika ambatonta ba a cikin jawaban da ake yi, watakila saboda ba a auna ta da tan, ba a kuma loda ta a mota. A yau duk ɗan Nijar da ke son sauraron kiɗan fiyano na farko-farko da aka naɗa a gidan rediyon ƙasarsa, hanya mafi sauƙi gare shi ita ce ya nemi shafin wani ƙaramin kamfanin faifai da ke birnin Portland na ƙasar Amurka. Ba sace kiɗan aka yi ba, mai shi ne ya amince aka buga. Abin dubawa shi ne yadda aka yi har aka zo nan, da kuma alamun da ke nuna cewa abin da ya faru da tef ɗin jiya yana sake faruwa da kwamfutocin sitidiyo na yau, cikin sauri fiye da da.

Mai wannan kiɗa shi ne Mamman Sani Abdoulaye. A cikin shekarun 1970, lokacin yana aiki da hukumar UNESCO, ya ga wani wakili daga ƙasar Ruwanda ɗauke da fiyano mai amfani da lantarki ƙirar kamfanin Orla na Italiya, ya lallashe shi har ya sayar masa. Da wannan na'ura ya riƙa juya karin waƙoƙin gargajiya na Fulani Bororo da na Abzinawa da sauran ƙabilun ƙasar, yana kuma tsara nasa. A 1978, zamanin mulkin Seyni Kountché, ya shiga sitidiyon gidan rediyon ƙasa, aka naɗi kiɗansa a kan layi biyu, ya buga na farko sannan ya ɗora na biyu a kai. Ma'aikatar al'adu ta so ta fitar da shi a jerin kaset-kaset na kiɗan zamani, amma shirin bai yi nisa ba, 'yan ƙalilan kawai aka buga. Duk da haka jama'ar ƙasar sun san amon, domin shekara da shekaru rediyo da talabijin na gwamnati suna sa kiɗansa a tsakanin shirye-shirye, ko da yake da yawa ba su san mai bugawa ba. Sai a 2013, shekaru 35 bayan naɗin, kamfanin Sahel Sounds na wani Ba'amurke mai suna Christopher Kirkley ya sake fitar da faifan, ya biyo da wasu biyu a 2014 da 2015 daga abubuwan da Mamman Sani ya naɗa a shekarun 1980, har dattijon ya samu damar zuwa Turai yin wasa.

A wancan zamani hanyar naɗar sauti ɗaya ce, ƙofarta kuma a hannun gwamnati take. Makaɗin da bai samu shiga gidan rediyo ba, to kiɗansa ya ƙare a filin biki. Wannan tsari yana da zalunci a cikinsa, domin wanda bai yabi hukuma ko ƙungiyar Samariya ba yakan daɗe a bakin ƙofa. Sai dai yana da abu guda da ya kamata a yaba: abin da aka naɗa yana da jiki, zaren tef ne a cikin kwali, an rubuta suna da kwanan wata a bayansa, an ɗora shi a kanta. Ko an manta da shi, yana nan inda aka ajiye shi.

Ƙarni na biyu na masu wannan sana'a ba su bi ta gidan rediyo ba. Misalin da ya fi fitowa fili shi ne na Hama, wani mazaunin Yamai da sana'arsa ta yau da kullum tuƙin mota ce, wanda ya riƙa buga karin kiɗan Abzinawa a kan tsohuwar Yamaha samfurin PSR-64. Kiɗansa ya zagaye ƙasar ta hanyar memorin waya da bulutut, daga hannu zuwa hannu, sau da yawa ba tare da sunansa a jiki ba. Faifansa mai suna Torodi, sunan wani gari a kan hanyar Burkina Faso, ya fito a 2015, shi ma ta hannun Sahel Sounds. Zuwa 2019 da ya fitar da na biyu, Houmeissa, aikin ya koma cikin kwamfuta, a manhajar FL Studio wadda 'yan sitidiyo har yanzu suka fi sani da tsohon sunanta na FruityLoops. Tsakanin waɗannan faifai biyu akwai shekaru huɗu kacal, amma a cikinsu ne ma'anar kalmar "naɗa" ta sauya, kuma sai mai karatu ya ɗan yi haƙuri da bayanin fasaha kafin ya ga inda gizo ke saƙar.

Hanyoyi biyu ne ake haɗa fiyano da kwamfuta. Ta farko ita ce wayar sauti. Amon da ke fitowa daga na'urar yana bi ta waya zuwa wani ɗan akwati da ake kira katin sauti, shi kuma ya auna shi sau 44,100 a kowace daƙiƙa, idan an bi ma'aunin faifan CD, ya mayar da shi lambobi. Abin da ya shiga kwamfuta ta wannan hanya shi ne sautin kansa, da daɗinsa da aibinsa: kuskuren yatsa, da tsamin tsohuwar na'ura, da gunjin nan na lantarki da kan shiga waya idan wutar gidan ba ta da kyau ko janareto yana kusa. Ana iya yanka shi, a ƙara masa ƙarfi, a rage masa hayaniya, a sa masa amsa-kuwwa, amma ba a iya sauya abin da aka buga.

Hanya ta biyu ita ce MIDI, wata yarjejeniya da kamfanonin ƙera kayan kiɗa na Japan da Amurka suka cimma, wadda aka fara nuna aikinta a 1983 lokacin da aka haɗa na'urar kamfanin Roland da ta Sequential Circuits suka yi aiki tare. Wayar MIDI ba ta ɗaukar sauti ko kaɗan, umarni kawai take ɗauka: wane maɓalli aka danna a cikin lambobi 0 zuwa 127, da wane ƙarfi, a wane lokaci, yaushe aka sake shi, a kan wace tasha daga cikin tashoshi 16. Idan naɗin sauti ɗinkakkiyar riga ce, to MIDI awo ne da yadi a hannun tela, yana iya fitar da irin rigar, yana kuma iya fitar da wata daban. Wanda ke riƙe da wannan bayani yana iya goge kuskure, ya matsar da bugu ɗaya gaba ko baya, ya ƙara sauri ba tare da murya ta sirance ba, ya cire amon sarewa ya sa na algaita, ko ma ya mayar da umarnin cikin fiyanon ta sake bugawa da kanta yayin da mai ita yake barci a gida. Minti ɗaya na sauti mai ingancin CD yana cin kusan megabayit 10, amma umarnin waƙa sukutum ba ya kai nauyin ƙaramin hoto guda a waya.

Don a ga ƙarfin wannan abu a aikace, sai a leƙa Sudan. A yankin Gadarif, kusa da iyakar Habasha, akwai wani makaɗin fiyano da aka fi sani da Jantra, mai buga Yamaha da masu gyara suka sauya mata amo don ta dace da kunnen mutanen ƙasar. Shi ba ya tsara waƙa mai farko da ƙarshe, yakan shafe sa'o'i ne yana bugawa a wurin biki, yana bin yadda taro ke rawa. Da kamfanin Ostinato Records na Amurka ya so fitar da faifansa, sai masu aikin suka zaro umarnin MIDI da karin kiɗa ɗaya-ɗaya daga cikin na'urarsa, suka haɗa da tsofaffin naɗe-naɗensa, suka yayyanka su a kwamfuta zuwa waƙoƙi masu 'yan mintuna. Faifan ya fito a 2023, shekarar da yaƙi ya ɓarke a Khartum, kuma kamfanin bai ɓoye yadda aka yi aikin ba. Sakamakon ya yi daɗin ji, ya kuma kai sunan Jantra inda bai taɓa zuwa ba. Amma tambayar tana nan: waƙar da ba a taɓa buga ta a wannan siffa ba a gaban kowa, wadda wani ne ya zaɓi inda za ta fara da inda za ta tsaya, ta wa ce? A ganina tasa ce, domin yatsunsa ne suka haifi kowane sauti a ciki, sai dai rabon mai tacewa a cikinta ya wuce na injiniyan gidan rediyon 1978 nesa ba kusa ba, kuma yarjejeniyar baki da aka saba yi a sitidiyoyinmu ba ta san da wannan bambanci ba.

Ba mallaka kaɗai abin ya shafa ba, ya shafi shi kansa ɗanɗanon kiɗan. FruityLoops, wadda kamfanin Image-Line na Beljiyam ya fara fitarwa a ƙarshen shekarun 1990, tana buɗewa ne da jerin gidaje 16 da aka raba huɗu-huɗu, domin an ƙera ta ne don kiɗan rawa na Turai. Kiɗan tinde na Abzinawa, da takamba, da yawancin bugun kalangu, suna tafiya ne a kan uku-uku, da wani ɗan ɗingishi da ba ya faɗawa daidai kan layi. Akwai maɓalli guda a kowace manhaja da ke jawo duk bugun da ya kauce ya daidaita shi a kan layi, kuma saurayin da ke da mawaƙa biyar suna jiran layi a ƙofar sitidiyo zai danna shi, domin shi ne mafi sauri. Da zarar ya danna, kiɗan ya yi tsaf, ɗingishin kuma ya tafi. Ana iya sauya tsarin gidajen, ana iya barin bugun yadda hannu ya yi shi, manhajar ba ta hana ba. Amma hanyar da aka share ita ƙafa take bi.

Haka batun yake wajen tsayin murya. Fiyano ta raba tazarar sauti gida 12 daidai wa daida, yayin da goge da gurmi da molo suke sauka a wuraren da ke tsakanin maɓalli da maɓalli. Larabawa sun daɗe da tilasta wa kamfanoni kula da wannan, shi ya sa Yamaha da Korg suke ƙera samfura na musamman don kasuwarsu, masu maɓallan sassauta murya zuwa rabin tazara. Kasuwar Sahel ba ta kai girman da za a yi mata haka ba, saboda haka makaɗinmu ne ke lanƙwasa waƙarsa ta shiga na'ura. Da manhajar Auto-Tune ta zo, wadda aka fitar a 1997, sai muryar mawaƙi ma ta bi sahu. Ba ina cewa abin da ya fito ba shi da kyau ba ne. Wani sabon salo ne aka haifa, yana da masoya miliyoyi, kuma babu wanda zai ce kiɗan Hama ba na Nijar ba ne. Abin lura kawai shi ne, idan an ajiye tacaccen kiɗa an yar da ɗanyen naɗin, to babu hanyar komawa a ji yadda hannun ya buga tun farko.

A nan ne maganar ta shafe mu kai tsaye, domin makarantar wannan sana'a ga yawancin mawaƙan kudancin Nijar tana wannan gefen iyaka ne. Tun tsakiyar shekarun 1990 sitidiyoyin Kano suka rungumi jerin Yamaha PSR don kiɗan fina-finai, al'amarin da Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya yi rubuce-rubuce a kansa, kuma daga nan salon ya bazu zuwa Maraɗi da Damagaram da Tawa. Fati Nijar daga Maraɗi ta zo Kano ta yi suna. Shi ma Mdou Moctar, makaɗin jita ɗan Abzinawa da duniya ta sani a yau, faifansa na farko mai suna Anar a Sakkwato aka naɗe shi a 2008, da kiɗan na'ura da Auto-Tune irin na waƙoƙin fim. Ba a fitar da faifan a kasuwa ba a lokacin, wayoyi ne suka yaɗa shi har arewacin Mali, inda Kirkley ya ci karo da ɗaya daga cikin waƙoƙin ya sa ta a wani tarin kiɗan wayoyin Sahara da ya fitar a 2011. Abin da ya tsallaka hamada MP3 ne, wanda a ma'aunin da aka saba ba ya wuce kashi ɗaya cikin goma na nauyin asalin sautin, domin an zubar da sauran don fayil ya yi sauƙin turawa. Wannan shi ne abin da ya rage na dubban waƙoƙin da aka yi a Kano da Kaduna da Sakkwato da Yamai a shekarun 2000.

Me ya sa asalin ba ya zama? Abin da 'yan sitidiyo ke kira masta a yau ba abu guda ba ne kamar tef. Fayil ɗin aiki na FL Studio ko Cubase kundin umarni ne da ke nuni zuwa wasu fayiloli na murya da ganguna a wurare daban-daban cikin kwamfutar, yana kuma dogaro da ƙananan manhajojin sauti da aka ɗora. Idan ɗaya ta ɓace, ko aka sauya kwamfuta, ko aka wanke ta saboda cutar bairos, fayil ɗin zai buɗe amma wani layi zai yi shiru, ko ya fito da amon da ba shi ba. Ba boyayyen abu ba ne cewa yawancin manhajojin da ake aiki da su a yankin nan kwafin bayan fage ne, ba lallai don son banza ba, sau da yawa saboda mai sitidiyo ba shi da katin bankin da zai biya kamfani a Turai. Irin wannan kwafi ba shi da tabbas, kuma bayan shekara goma samun daidai irinsa wahala ne. Idan kuwa umarnin MIDI ne aka ajiye ba tare da an naɗi amon fiyanon ba, to sai an nemo irin wannan samfurin na'urar kafin waƙar ta dawo yadda take. Samfuran PSR na ƙarshen shekarun 1990 da farkon 2000 suna ajiye salon bugun da makaɗi ya tsara ne a faifan fulofi, wanda kamfanin Sony ya daina ƙerawa tun 2011. Bugun kalangu da na duma da wani ya kwana yana tsarawa a kan irin wannan faifai, ƙura da zafin bazara sun daɗe da gamawa da shi.

Sannan ga rumbun kwamfutar kansa, wanda idan ya cika, tsohon aiki ake gogewa don sabo ya samu wuri, domin wanda ya biya kuɗin aikin bara ya riga ya karɓi waƙarsa a waya ya tafi. Ga kuma wuta. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, Najeriya ta katse lantarkin da take sayar wa Nijar, wanda a lokacin ya kai kusan kashi 70 cikin ɗari na abin da ƙasar ke amfani da shi, ba a kuma mayar ba sai bayan da ECOWAS ta ɗage takunkumi a Fabrairun 2024. Ƙaramar fiyano tana aiki da batir, amma rumbun kwamfuta ba ya son wutar da ke zuwa tana ɗaukewa.

Ta fuskar doka Nijar ba ta rasa abin dogaro ba. Tana da hukumar kare haƙƙin mawallafa ta BNDA, tana da dokar 2010 da ta haɗa haƙƙin mawallafi da na mai gabatarwa da na al'adun gargajiya, tana kuma cikin ƙungiyar OAPI mai hedikwata a Yawunde. Matsalar ita ce a waƙa guda ta fiyano ana iya samun masu haƙƙi huɗu: al'ummar da ta gaji karin waƙar, makaɗin da ya juya shi, mawaƙin da ya biya kuɗin sitidiyo, da mai kwamfutar da ya tace ya kuma ci gaba da riƙe fayil ɗin. A aikace na ƙarshen ne ke da iko, domin shi kaɗai zai iya cire muryar wancan ya ɗora ta wani a kan kiɗan. Duk wanda ya saba sauraron waƙoƙin siyasa da na biki ya san kiɗa ɗaya kan fito da sunaye uku, kuma rigimar da kan biyo baya a gaban dattawan sana'a ake kashe ta, ba kasafai take zuwa ofis ba, tunda babu takardar da za a nuna.

Wannan giɓi ne kamfanonin waje suka cike, kuma adalci ne a faɗi cewa ba don su ba da yawancin abin da muke magana a kai ya salwanta. Sahel Sounds yana cewa raba riba yake yi biyu da mawaƙa, kuma a 2020, shekarar annobar korona, ya riƙa fitar da kiɗan da mawaƙan yankin suka naɗa a waya suka tura ta WhatsApp, kuɗin cinikin yana tafiya gare su. Amma ƙaramin kamfani ba gidan tarihi ba ne, yana iya rufewa idan mai shi ya gaji. Shagon intanet na Bandcamp, inda ake sayar da yawancin irin waɗannan faifai, ya sauya iyayen gida sau biyu a 2022 da 2023. Hanyar da mawaƙan ke bi su ci moriyar sunan da suka yi, wato zuwa wasa Turai, ita ma siyasa tana iya toshe ta dare ɗaya, kamar yadda aka gani a Satumban 2023 lokacin da hukumomin Faransa suka umarci gidajen wasanni su dakatar da sababbin ayyuka da masu fasaha daga Nijar da Mali da Burkina Faso, bayan an daina ba da biza a ƙasashen uku. Gwamnatin da ta zaɓi yanke igiyar tallafin al'adu daga Faransa tana da 'yancin yin haka, amma ta ɗauki nauyin da a da wasu ke ɗauka ke nan, kuma sauya suna a bango shi ne mafi arha a cikin aikin.

Ƙasar Gini ta nuna abin da zai yiwu. Tsakanin 2008 da 2013 wani mai bincike ɗan Ostireliya, Graeme Counsel, da tallafin shirin ceto kundaye na ɗakin karatun Birtaniya, ya kwashe waƙoƙi 9,410 daga tef-tef ɗin gidan rediyon Konakiri zuwa kwamfuta. Ƙa'idar shirin ita ce asalin kayan ya zauna a ƙasarsa, a kuma bar kwafi a gida. Amfanin wannan ƙa'ida ya bayyana a Oktoban 2023, lokacin da masu kutse suka afka wa kwamfutocin ɗakin karatun na Landan suka durƙusar da ayyukansa na intanet tsawon watanni. Ashe ko can ɗin ma ba wurin da za a ajiye kwafi guda a juya baya ba ne.

Nijar tana da inda za ta fara. Akwai cibiyar horar da makaɗa ta Alhaji Taya a Yamai, mai tarin kayan kiɗan gargajiya, inda marigayi Malam Maman Barka ya yi aiki, shi da ya je gaɓar tafkin Chadi ya koyi kiɗan biram na Buduma don kada ya mutu da tsohon da ya rage yana buga shi. Akwai ɗakin ajiyar Muryar Sahel. Abin da ake bukata ga aikin yau bai kai tsadar gina sitidiyo ba: al'ada ce ta cewa duk aikin da aka gama a fitar da shi kashi uku, ɗanyen sautin kowane layi daban a fayil ɗin da ba a matse ba, umarnin MIDI tare da sunan samfurin fiyanon da aka yi amfani da ita, da kuma tacacciyar waƙar, a bai wa mai waƙa kwafi, a ajiye wani a hukuma lokacin rajista. Ƙungiyoyin mawaƙa na Kano da na Maraɗi suna iya sa wannan cikin sharuɗɗan aikinsu ba tare da jiran gwamnatocin biyu sun shirya ba, tunda mutanen da ke shiga sitidiyoyin kusan ɗaya ne.

Tef ɗin jiya kuwa ba zai jira a gama shawara ba. A 2019 hukumar UNESCO da ƙungiyar ma'ajiyar sauti ta duniya, IASA, sun yi gargaɗin cewa na'urorin da ke karanta zaren tef suna ƙarewa, an daina ƙera su, kayan gyaransu da masu gyaran suna raguwa, kuma zuwa wajen 2025 kwashe abin da ke cikin tef zai zama da wuya ƙwarai. Wannan wa'adi ya riga ya cika.